Tsatsar Lambobin 'Yan Mazan Jiya: Sanadinta da Maganinta

A gidaje da dama na Fagge da Sabon Gari akwai 'yar akwatin ƙarfe da ake ɓoye lambobin yabo na kaka ko na uba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tsofaffin sojojin rundunar Afirka ta Yamma na cikin mutanen farko da suka zauna a Sabon Gari bayan kafa shi a wajajen 1913. Daga baya kuma dubban 'yan Arewa suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945 a runduna ta 81 da ta 82. Sai dai yawancin lambobin nan sun dafe, wasu har sun yi kore.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara sani shi ne, tsatsa ta gaskiya baƙin ƙarfe take kamawa, idan ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Su kuwa lambobin ba da baƙin ƙarfe aka ƙera su ba. Tauraron Bama gamin jan ƙarfe ne da tutiya, Lambar Yaƙi ta 1939–1945 gamin jan ƙarfe ce da nikel, ita kuma Lambar Yaƙin Birtaniya ta Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ce. Don haka jan tabon da ake gani galibi daga allurar maƙalawa ko daga akwatin ya taso.

Dafewa iri biyu ce. Ta farko ita ce duhun da kan lulluɓe ƙarfe a hankali, kamar baƙin da sinadarin farar wuta na cikin iska kan sa wa azurfa. Wannan ba ta da haɗari, hasali ma kariya ce. Ta biyu ita ce koren gari mai kama da alli, wanda masana ke kira "cutar tagulla". Gishirin gumin hannu kan bar sinadarin kuloraid a jikin jan ƙarfe. Da zarar danshi ya sauka, sai a sami asid, asid ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da kuloraid, haka abin zai yi ta zagayawa har lamba ta yi ramuka. Shi ya sa cutar kan lafa da hunturu, ta farka da damina.

Babban kuskure shi ne dirzawa da toka, ko yashi, ko lemun tsami, ko ruwan tsamiya. Lallai lamba za ta yi ƙyalli, amma ƙarfenta ne ke zaizayewa. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da suna da lambar sojan da aka ba, kuma idan rubutun ya shafe, shaidar ta tafi ke nan.

Ga yadda ya dace a yi. A zare ƙyallen lambar tukuna, a ajiye shi daban. A kakkaɓe ƙura da buroshi mai taushi, a wanke da tataccen ruwa irin na batir da ɗan sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye, a busar sarai. Sannan a shafa ɗan kakin adana kayan tarihi, a goge da farin ƙyallen auduga. A ajiye kowace lamba ita kaɗai tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi, nesa da roba, da ulu, da ledar PVC. Idan koren garin ya dawo, a ware lambar, a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi irin na Gidan Makama.

Malamai na iya nuna wannan a aji: a sa tsohon kwabo ɗaya a busasshiyar kwalba, wani kuma a kan auduga mai ruwan gishiri, a rufe, ɗalibai su riƙa rubuta canjin launi har mako biyu.