Lokacin Rana da Lokacin Agogo: Matsalar Lissafin Fitowa da Faɗuwar Rana a Ƙasar Katagum

Bahaushe yana da kalmomi irin su hantsi da walaha da la'asar da almuru, kuma dukkansu da rana ake auna su. Shi kuwa "ƙarfe kaza" agogon hukuma ne yake tsayar da shi. Kalmar "lokaci" ta haɗe ma'anonin biyu, kuma wannan maƙala za ta nuna yadda cakuɗa su yake jawo kuskure a manhajar da ke lissafa fitowar rana da faɗuwarta.

Tun 1919 Nijeriya take bin agogo ɗaya, wanda ya riga na Girinwic da awa guda. An gina shi a kan layin tsaye na digiri 15 gabas, alhali Azare tana kusa da digiri 10 ne. Da yake rana tana cin minti 4 kafin ta ƙetare digiri guda, tsakar ranar Azare takan faɗo wajen ƙarfe 12:19, da ɗan gaba ko baya gwargwadon wata.

Ke nan manhaja tana buƙatar abu biyu daban. Da matsayin gari a taswira za ta gano sa'ar faɗuwar rana bisa agogon Girinwic, sannan a ƙarshe ta ƙara awa guda, sau ɗaya tak. In aka manta, ko aka ƙara sau biyu, kuskuren awa cur ne, kowa zai gani.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne na suna. A kundin shiyyoyin lokaci da kwamfutoci suke amfani da shi, sunan shiyyar Nijeriya "Africa/Lagos". Mai rubuta manhaja yakan ɗauki sunan a matsayin wuri, ya yi wa ƙasar duka lissafi da matsayin Ikko. A nan Ikko, inda aiki ya kawo ni, rana takan faɗi bayan ta Azare da kimanin minti 18 a Yuni, minti 36 a Disamba. Jinkirta buɗa-baki da sauƙi. Abin tsoro sahur, domin alfijir yana riga ketowa a Azare, mai azumi yana ci yana duban waya.

Tsakanin Azare da garin Katagum kuwa bambancin bai kai minti 2 ba. A ganina ya kamata masu fassara su keɓe "shiyyar agogo" ga na hukuma, su bar wa rana kalmominta.