Kafin mace ta nemi ƙaramar bindiga: abin da dokar Najeriya ta ce, da abin da waya za ta iya yi

A YouTube da TikTok ana yawan ganin bidiyon matan Amurka suna gwada ƙananan bindigogi irin su Glock 43 da SIG Sauer P365, suna bayanin wadda ta fi dacewa da hannun mace. Ɗalibar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, wadda ke komawa Roni ko Gwiwa da yamma, tana iya tambayar kanta: to a nan fa?

Me doka ta ce?

Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna rukunin farko, na makaman da aka haramta, kuma shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta tana rukuni na biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Rukuni na uku shi ne na bindigar gargajiya ta ɗuri, wanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke kula da shi. Wanda aka kama da makamin rukunin farko ba lasisi, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Ko a 2022, da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Don haka duk wanda ya tallata fistol a Facebook ko WhatsApp, ko dai ɗan damfara ne, ko mai jefa mai saye gidan yari.

Abin da ke hannu tuni

1. Lambar 112: kiran gaggawa ne na kyauta a duk layukan ƙasar nan.

2. Emergency SOS: a Android 12 zuwa sama, danna maɓallin kunna waya sau 5 a jere yana kiran lambar gaggawa. Sai mace ta shiga Settings ta tabbatar a kunne yake tun kafin buƙata ta taso.

3. Live Location na WhatsApp: yana nuna wa wanda aka zaɓa inda mutum yake na minti 15, awa 1 ko awa 8. Mai tafiya Babura ta tura wa yayanta kafin mota ta tashi daga tasha.

4. Hoton lambar mota ko ta ɗan acaɓa, a tura gida kafin a hau.

Sai dai Live Location na buƙatar data, kuma sabis kan yi rauni a hanyoyin ƙauye. A irin wannan wuri saƙon tes ya fi saurin fita. Wayar da caji ya ƙare kuwa ba ta kiran kowa, saboda haka cikakken fawa banki ya zama abin farko da zai shiga jaka.