Nauyin Mai Ciki, Ma'aunin Lafiyar Uwa Da Ɗa

Maigida, idan matarka ta sami ciki, lalle ne nauyinta ya riƙa ƙaruwa wata bayan wata. Wannan ƙari ba ƙiba ce ta banza ba. A cikinsa akwai jaririn kansa, da mabiyiya, da ruwan da yake kwance a ciki, da ƙarin jini, da kitsen da jiki ke ajiyewa domin shayarwa.

Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta haihu. Siririya tana bukatar kilo 12 da rabi zuwa 18. Mai ƙiba sosai kuwa kilo 5 zuwa 9 ya ishe ta. A wata 3 na fari ƙarin kaɗan ne, bai cika wuce kilo 2 ba. Daga nan sai ya zama wajen rabin kilo kowane mako ga mai matsakaicin jiki.

Waɗansu mata suna rage ci da gangan, wai don ɗan ya zo ƙarami a haihu da sauƙi. Uwargida, kada ki yi haka. Jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, sanyi na saurin kama shi, ba ya tsotso da ƙarfi, cuta kuma tana saurin ka da shi. Ke ma jininki zai ragu, ki shiga naƙuda ba ƙarfi.

Ƙarin da ya wuce kima shi ma da nasa haɗari. Yakan zo tare da ciwon sukari da hawan jini. Jariri ya yi girma har ya wuce kilo 4, naƙuda ta yi tsawo, wani lokaci sai an yi aiki.

Ga abin lura. Idan nauyi ya hau farat ɗaya, fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, to, wannan ba ƙoshi ba ne. Alamar jijjiga ce tafe. A kai ta asibiti ran nan, kada a jira gobe.

Abincin da ake bukata yana nan a gida. Ban da tuwo da fura, a ba ta wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, dafaffiyar madara, zogale da gwanda. Ƙwai ba ya cutar da ɗan ciki. A rage mata sukari da lemon kwalba, a kuma ɗauke mata daka da ɗiban ruwa mai nisa. Ta sha maganin ƙarin jini kullum, ta kwana cikin gidan sauro, gama zazzaɓin cizon sauro yana hana jariri girma.

Ido ba mudu ba ne, sai an hau sikeli. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. Maigida, ka ba ta izini da kuɗin mota, ta fara zuwa awo tun ciki bai wuce wata 3 ba.