Liƙin Ƙarfe da Azurfa a Cikin Gida: Yadda Yake da Abin Kiyayewa

A kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, ba a rasa maƙera da masu liƙi da ke haɗa ƙarfen da ya karye. Da yawansu a zaure ko a tsakar gida suke sana'ar. Hanya ɗaya da suke bi ita ce liƙi da azurfa, wanda ya bambanta da walda. Mai walda narkar da bakin ƙarfen yake yi, shi kuwa mai liƙi wani ƙarfe dabam yake narkarwa ya shiga tsakani ya riƙe su.

Yadda Liƙin Ke Kamawa

Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400 a ma'aunin Selsiyas. Sandar liƙin azurfa kuwa, wadda gami ce ta azurfa da jan ƙarfe da tutiya, tana narkewa tsakanin digiri 600 da 800. Saboda haka ƙarfen da ake gyarawa yakan yi ja kawai, siffarsa ba ta lalacewa.

Da farko akan goge wurin har tsatsa da maiƙo su fita, sannan a shafa sinadarin liƙi, wanda yawanci akwai boras a cikinsa. Aikinsa shi ne hana iska taɓa ƙarfen mai zafi, domin idan ta taɓa shi sai wani ɓawo ya fito wanda ke hana liƙin kamawa. Ana haɗa ɓangarorin su matse, ratar da ke tsakaninsu kada ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ƙarfen ake zafafawa, ba sandar ba. Da zarar sinadarin ya zama garau kamar ruwa, sai a taɓa sandar a bakin haɗin. Nan take ta narke ta kutsa cikin ratar, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Idan rata ta yi faɗi, wannan jan ba ya aukuwa, haɗin kuma ba ya ƙarko.

Bambancinsa da Liƙin Dalma

Liƙin da aka fi sabawa da shi wajen gyaran rediyo da bokiti gamin dalma ne da kuza, mai narkewa ƙasa da digiri 200. Ya fi araha, amma bai kai na azurfa ƙarfi ba, kuma dalma guba ce. Mutanen wannan yanki sun san haka fiye da kowa. A shekarar 2010 Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dalilin shi ne dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 ne suka rasu. Ba liƙi ne ya jawo wannan masifa ba, amma hanyar ɗaya ce: ƙurar dalma a inda yara ke rarrafe.

Jiki yakan ɗauki dalma a matsayin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, sai ya ajiye ta a ƙashi shekara da shekaru. Tana hana jini ƙaruwa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana kuma ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Hanjin yaro na tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba.

Abin Kiyayewa

Liƙin azurfa ma yana da nasa haɗarin. Wasu sanduna na ɗauke da kadmiyam, wanda hayaƙinsa ke ƙona huhu ya lalata ƙoda, har Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsu a 2011. Ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin kwanon rufi, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Don haka ya kamata a yi aikin a fili, nesa da murhu da wurin wasan yara. Kada a liƙe tukunya ko kwanon sha da dalma. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a kuma tuɓe kayan aiki kafin a ɗauki yaro. Ɗalibin da ya fahimci wannan, ya kai shi ga maƙerin unguwarsu.