Mai Ƙuli-ƙuli, Ina Jarinki Ya Tafi?

Tun kaka da kakanni ƙasar Damagaram ta yi suna da noman gujiya, wato gyaɗa. A dā kamfanin SONARA na gwamnati ne yake sayen ta daga Magarya da Matamai, yana fitar da ita waje. Farin 1973 da cutar kuturtar gujiya ta 1975 suka karya wannan ciniki. Amma sana'ar mai da ƙuli-ƙuli ba ta mutu ba, tana nan a hannun mata.

Sau da yawa mace takan soya, ta niƙa, ta matse, ta kai kasuwar Dole ta Zinder ko ta Mirriya, ta sayar sarai, amma jari sai raguwa yake yi. Sai ta ce rashin sa'a ne. Kafin a zargi sa'a, a fara duba lissafi.

Ga misali. Kin sayi gujiya ta jika 10. Itace da niƙa da kuɗin mota sun ci jika 2. Kin sayar da mai na jika 9, ƙuli-ƙuli na jika 4. Kin kashe 12, kin samu 13. Ribarki jika 1 ce tak. In kika cire jika 2 don cefane, to kin ci ribar, kin kuma gutsuri uwar kuɗi. Haka jari yake ƙarewa ba a sani ba.

Tunda yanzu kin iya rubutu, ki nemi ɗan littafi. A hannun dama ki rubuta abin da ya shigo, a hagu abin da ya fita, har da bashin da maƙwabta suka ci. Kuɗin sana'a dabam, kuɗin gida dabam. Bayan kasuwa huɗu littafin zai gaya miki gaskiya. Daga nan sai ki zaɓi hanya.

Hanya ta farko ita ce sayen gujiya da kaka, lokacin da take araha, a ajiye ta don bazara da damina. Amma a shanya ta ta bushe sosai, a ɗora buhu bisa katako, nesa da danshi. Gujiyar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, tana kuma tauye girman yara. Suya ba ta kashe wannan guba. A tsince ruɓaɓɓiya, a zubar.

Hanya ta biyu ita ce haɗa kai, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ya kuma bazu cikin Nijar har da wasu ƙasashe. Mata suna zuba kuɗi kaɗan kowane mako cikin asusu, suna ba juna rance. Da irin wannan ana iya sayen buhu a yi rabo, maimakon awon tiya mai tsada. Sai dai rance nauyi ne. Kada a ci shi don biki ko suna.

Hanya ta uku ita ce rage sana'ar ko sake ta. In littafi ya nuna hasara wata bayan wata, babu kunya a dakata tun da sauran jari. Ana iya mayar da shi ga kiwon akuya ko turkar rago don Layya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƴan'uwa mata, ranar kasuwa mai zuwa ku fara rubutawa. Ku kai littafin ajin yaƙi da jahilci, ku duba lissafin tare da malaminku.