Ofosam da Tsoron Ciwon Haukan Kare a Karkarar Amurka

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wata dabba da ake kira ofosam, wadda manoman Amurka kan ci karo da ita a akurkin kaji ko bargar dawaki ko ƙarƙashin daɓen katako na gidajensu. Da yawa daga cikinsu da zarar sun gan ta sai su nemi bindiga ko sanda, don suna zaton tana ɗauke da ciwon haukan kare. Za a duba ko wannan tsoro yana da tushe, sa'an nan a nuna inda haɗarin gaskiya yake da yadda ake kauce masa.

2.0 Siffar dabbar

Ofosam ta kai girman kyanwa, nauyinta kuma yakan kama daga kilo 2 zuwa 6. Gashinta ruwan toka ne, fuskarta fara, bakinta mai tsini, wutsiyarta kuma doguwa ba gashi. Wanda ya san gafiya zai ɗauka 'yar'uwarta ce, amma ba su haɗa dangi ba. Ita ofosam tana cikin dabbobi masu jaka a ciki, wato dangin kangaru na Ostareliya, kuma ita kaɗai ce irin wannan dabba a Amurka da Kanada. Macen takan ɗauki ciki na kwana 12 zuwa 13 kawai. 'Ya'yan da take haifa ba su wuce girman ƙudan zuma ba, sai su rarrafa su shige jakar, su yi kamar wata 2 suna shan nono, daga baya ta riƙa goya su a baya. A daji ba kasafai take wuce shekara 2 a raye ba.

Sunan ya fito ne daga harshen Fohatan, mutanen da Ingilishi suka tarar a yankin Bajiniya a farkon ƙarni na 17. A bakin talakawa an gajarta shi ya koma "fosam". Ya kamata ɗalibi ya lura cewa akwai wata dabba daban a Ostareliya da Niyu Zilan da ake kira da wannan gajeren suna. Bayaninmu a nan a kan ta Amurka ne.

3.0 Abin da ke jawo tsoro

Idan aka rutsa ofosam, takan wage baki ta nuna haƙoranta 50, tana huci, yawu yana dalala, wani lokaci har tana tangaɗi. Idan barazanar ta yi yawa sai ta faɗi ta sandare, harshe waje, wani ruwa mai ɗoyi yana fita daga bayanta, kamar mushe. Ba da gangan take yin wannan ba, jikinta ne ke ɗaukewa saboda firgita, kuma takan ɗauki mintoci ko ma sa'o'i kafin ta farfaɗo ta yi tafiyarta.

To, dalalar yawu da tangaɗi su ne alamun da mutane suka fi sani na mahaukacin kare. A nan ruɗanin yake. Sai dai kama da wane ba ta wane. Wannan duk dabarar kare kai ce ta dabbar da ba ta da gudu, ba ta kuma da ƙarfin faɗa. Ganinta da rana ma ba shaidar ciwo ba ne, domin yunwa ko sanyin hunturu kan fito da ita ba a lokacinta ba.

4.0 Yadda ciwon yake

Ƙwayar cutar da ke kawo wannan ciwo tana cikin yawun dabbar da ta kamu, kuma ta hanyar cizo ko yaƙushi take shiga jiki. Daga wurin rauni sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci akan yi wata 2 zuwa 3 kafin alamu su bayyana, amma da zarar sun bayyana, da wuya mutum ya tashi. Bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi, ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa. Sunan da Hausa ta ba ciwon ya dace ke nan da halin da ake ciki a ƙasashenmu.

A Amurka kuwa lamarin ya sha bamban. A shekarar 2007 hukumomin lafiya suka sanar da cewa an kawar da nau'in cutar da ke yaɗuwa tsakanin karnuka, sakamakon allurar rigakafi. Abin da ya rage yana cikin namun daji huɗu: jemage, da yanyawa, da rakun, da sikank, wata dabba mai wari irin na bodari. Ofosam ba ta cikin wannan jeri. Akan same ta da cutar jefi-jefi, amma abu ne mai wuyar gaske. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne zafin jikinta bai kai na sauran dabbobi ba: digiri 34 zuwa 36 a ma'aunin Salsiyas, alhali na kare yana tsakanin 38 da 39, don haka ƙwayar cutar ba ta jin daɗin hayayyafa a jikinta.

5.0 Inda haɗarin yake

Wannan ba ya nufin ofosam ba ta da illa. Na farko, tana shan ƙwai, tana kuma kama 'yan tsaki, wani lokaci har da manyan kaji idan ta same su a kwance da dare. Na biyu, kashinta na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda idan ta gurɓata harawa ko hatsi ko ruwan shan doki, sai ta taɓa lakarsa da ƙwaƙwalwarsa, ya riƙa tangaɗi, ƙafafunsa su raunana. Ga mai dawaki, wannan shi ne babban abin damuwa. Na uku, ƙumar da ke jikinta na yaɗa wani zazzaɓi ga mutane, musamman a jihohin Kalifoniya da Tekzas.

A ɗaya ɓangaren kuma tana da amfani, domin tana cin ɓeraye da kyankyasai da katantanwa da mushe, har da macizai. An daɗe ana cewa tana cinye dubban kaska a shekara, amma wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya duba cikin ofosam 32 a jihar Ilinoi, bai ga kaska ko ɗaya ba.

6.0 Matakan da suka dace

Abu biyu ne ke kawo ta gida: abinci da maɓoya. Kashe ɗaya ba ya magance komai, domin muddin abincin yana nan wata za ta maye gurbinta. Saboda haka manomi ya rufe akurki kafin magariba, ya toshe kafofinsa da ragar waya mai ƙananan idanu. Ya kwashe abincin kare da na kyanwa da dare, ya rufe kwandon shara, ya tsince 'ya'yan itacen da suka faɗo. Abincin dawaki kuwa a adana shi cikin mazubi mai murfi.

Idan ta riga ta tare a ƙarƙashin gida, akan barbaɗa gari a bakin ramin. Idan aka ga sawunta ya nufi waje da dare, sai a toshe. Da ma ba mai zama wuri ɗaya ba ce, takan yi 'yan kwanaki ta ƙara gaba. Kama ta da tarko a kai ta wani wuri kuwa yana ƙarƙashin dokar kowace jiha, kuma wasu jihohi, kamar Kalifoniya, sun hana yin haka ba da izini ba.

Idan ta ciji mutum, kada a ce ai ofosam ce, ba komai. A wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti, likita ya yanke shawara ko za a yi allura. Wannan allura, wadda Luwi Fasto ya fara gwadawa a kan mutum a Faransa a 1885, tana aiki ne idan an yi ta kafin alamu su bayyana.

7.0 Kammalawa

An ga cewa abin da ake tsoro a jikin ofosam ba shi ne abin tsoron ba. Manomin da ya kashe ta saboda dalalar yawu, amma ya bar harawar dokinsa a buɗe, ko ya ɗauki jemagen da ya faɗo ƙasa da hannu, ya bar jaki yana dukan taiki. Dokar wanke rauni da hanzarta zuwa asibiti kuwa ɗaya ce ko'ina. Wanda kare ya ciza a Maraɗi ko Kumasi ko Garwa ya fi manomin Amurka bukatar kiyaye ta, domin a nan ne ciwon yake kisa.