WASAN MIYAGU: Yadda Ake Kashe Rigima Kafin Wasa Ya Zama Faɗa

A cikin shekarar 1974 ne wani ƙaramin kamfani da ke garin Lake Geneva, a Jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, ya fitar da wani sabon irin wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙago. Wasan ya yi kama da tatsuniya, sai dai a nan masu sauraro ba sa naɗe hannu su zura wa mai labari ido. Mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur, ɗayansu ya zama jagora, watau mai ba da labari kuma alƙalin wasa. Sauran kuwa kowa ya ƙirƙiro tauraronsa, ya raɗa masa suna, ya ba shi sana'a da hali, sa'an nan ya riƙa faɗin abin da tauraron zai aikata a kowane mataki. Idan aka zo inda ake shakkar ko abu zai yiwu, sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta wasan lido, abin da ta nuna shi ne hukunci.

Galibi taurarin nan jarumai ne masu ceton gari daga dodanni. To amma tun tafiya ba ta yi nisa ba, waɗansu suka fara sha'awar shiga rigar miyagu, kamar 'yan fashi da matsafa da fadawan azzalumin sarki. Wannan ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san yadda yara ke ɗokin labarin Gizo, alhali kuwa sun san maƙaryaci ne. Sai dai irin wannan wasa ya fi kowane saurin haddasa husuma, wadda takan tashi daga cikin labari ta faɗo tsakanin abokai na ainihi.

INDA RIGIMAR KE TASOWA

A ɗauka ɗalibai huɗu sun yarda taurarinsu za su zama gungun 'yan fashi, ga shi kuma a cikin labarin sun tare wani ayari. Na farko ya ce a kwashe kaya a sallami fatake, domin tauraronsa ɓarawo ne, ba mai kisan kai ba. Na biyu ya ce a kashe kowa don kada a bar shaida. Na uku ya shiga bayyana dalla-dalla irin azabar da zai gana wa madugu har ya faɗi inda ya ɓoye zinariya. Na huɗu bai ce uffan ba, sai da dare ya yi a cikin labarin ya sa tauraronsa ya soke na farko yana barci, ya gudu da ganimar duka.

Dukansu huɗu sun amince da kalmar "mugu", amma kowa da abin da ya fahimta da ita. Ɗaya na son wayo da dabara, ɗaya na son mulki, ɗaya na son abin tsoro, ɗaya kuwa ya ɗauka an ba shi izinin cin amanar kowa. Idan aka tuhumi na huɗun, amsar da aka saba ji ita ce, "Ai halin tauraron nawa ke nan." Wannan hujja ba ta da ƙarfi, gama tauraro ba shi da baki ko hannu sai na mai shi, kuma mai shi ne ya zaɓa masa halin tun farko. Muguntar ta aro ce, amma takaicin wanda ya yi watanni yana rainon tauraronsa aka kashe masa shi dare ɗaya, takaici ne na gaske. Haka kuma bayanin azabar nan zai iya fama wa wani miki idan 'yan fashi sun taɓa tare shi a zahiri.

ƘOƘARIN WARWARE TA DA DOKA

Masu tsara wasannin sun fara ne da neman magani a cikin doka. Bugun 1974 ya kasa taurari gida uku: masu bin tsari, da masu rikita tsari, da 'yan ba-ruwanmu. Littafin 'yan wasa na 1978 ya ƙara ma'aunin nagarta da mugunta, rukunan suka zama tara. Maimakon a huta, sai gardama ta sami sabon fili. A cikin littafin nan akwai barde mai tsarkin hali, wanda doka ta hana shi abota da miyagu, wanda kuma zai rasa matsayinsa har abada idan ya aikata mugunta da gangan. A cikinsa kuma akwai ɗan ina-da-kisa, wanda doka ta ce dole ya kasance mugu. Idan abokai biyu suka zaɓi waɗannan, to, an shuka faɗa tun kafin a jefa ƙwaya. Bugu da ƙari, sai jagora ya koma alƙalin ɗabi'a, a yi ta musu da shi a kan ko kashe fursuna mugunta ce ko kuwa dabarar yaƙi.

Daga waje ma an taso wa wasan. A 1983 wata mata mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a Amurka, tana zarginsa da jawo mutuwar ɗanta, ko da yake kotu ta kori ƙararrakin da ta shigar. Da kamfanin ya sake fasalin wasan a 1989, sai ya cire ɗan ina-da-kisa daga babban littafin, ya kuma kauce wa kiran dodanninsa da sunan shaiɗanu. Wannan ya rage surutun jama'a, amma bai hana masu son wasan miyagu ci gaba da abinsu ba.

A 1991 Mark Rein-Hagen ya ɓullo da wata hanya a wasansa mai suna Vampire: The Masquerade, inda kowane tauraro matacce ne mai tashi da dare yana shan jinin mutane. Ya sa wa kowa ma'aunin mutuntaka daga 0 zuwa 10, yawanci ana farawa daga 7. Duk lokacin da tauraro ya aikata ta'asa yana iya rasa maki, idan kuwa ya kai 0 ya zama dabba, sai jagora ya karɓe shi daga hannun mai shi. Hikimar a nan ita ce an mai da mugunta abu mai tsada, har ta zama ita ce jigon labarin. Duk da haka, ma'auni na iya auna tauraro ne kawai, ba ya auna abin da mutumin da ke zaune a gefe zai iya jure ji.

A DAIDAITA TUN KAFIN A FARA

Saboda haka ne daga baya hankali ya koma kan mutanen da ke bakin tebur. A 2003 Ron Edwards ya bayyana wata dabara ta iyaka da labule. Iyaka ita ce abin da ba zai shigo labari ba sam, alal misali cutar da yara. Labule kuwa shi ne abin da zai iya aukuwa amma ba za a bayyana shi ba, sai jagora ya ce an yi, a wuce gaba. Bayan haka John Stavropoulos ya fito da kati mai harafin X da ake ajiyewa a tsakiyar tebur, wanda duk aka zo abin da ya dame shi sai ya taɓa shi, a janye maganar ba tare da an tambaye shi dalili ba. A 2020 masu buga Dungeons & Dragons da kansu suka sa shawarar zaman share fage a cikin ɗaya daga littattafansu, watau a zauna a daidaita kafin a soma labari. A 2023 kuma kamfanin Paizo ya soke rukunan nan tara daga wasansa na Pathfinder.

Tun ran gini tun ran zane. A zaman share fage na wasan miyagu, tambayoyi uku ne suka fi muhimmanci. Ta farko, wace irin mugunta ake nufi, ta makirci a fada ko ta zub da jini? Ta biyu, mene ne ya haɗa miyagun nan wuri guda? Wasan Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017, ya ba gungun ɓarayin takarda guda ta tarayya mai ɗauke da maɓoyarsu da yankinsu da sunan da suka yi, ta yadda wanda ya cuci ɗan'uwansa ya cuci jarinsa. Ta uku, an halatta cin amana tsakanin taurari ko an hana? Wasan Paranoia na 1984 an gina shi ne kacokan a kan cin amana, amma da yake kowa ya san haka tun farko, kuma kowane tauraro yana da rai shida, sai abin ya zama na dariya. Ashe ba cin amanar ce ke ɓata rai ba, shammatar ce.

IDAN RIGIMA TA RIGA TA ƁARKE

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kome kyawun shiri, wata rana sai an sami saɓani, kuma aikin jagora na farko shi ne ya gane tsakanin su wa ake yi. Idan taurari ne ke jayayya a kan makomar fataken nan, masu su kuwa suna murmushi, to, wannan shi ne gishirin labarin, a bar shi ya gudana. Idan kuwa murya ta sauya, ko wani ya yi shiru ya fara tattara takardunsa, to, magana ta fita daga labari.

Kuskuren da jagorori suka fi yi a nan shi ne su hukunta mai laifi ta cikin labari, su aiko masa da dakarun sarki ko su sa tsawa ta faɗa masa. Wannan ba ya koya masa kome sai ƙullaci. Abin da ya fi shi ne a ajiye ƙwaya, a kira kowa da sunansa na gaskiya, a tambayi wanda aka cuta ko ya yarda da abin da ya faru. Idan bai yarda ba, a koma baya a warware, gama labarin baka ne, babu abin da aka sassaƙa a kan dutse. Shi kuma mai hujjar hali a nemi ya samo wa tauraronsa dalilin da zai sa ya yi wani abu dabam, tun da ko azzalumi ya san amfanin riƙe mabiya. Wanda aka yi wa magana sau biyu sau uku ya ƙi ji, a sallame shi cikin mutunci, ya nemi teburin da ya dace da shi.

Taurarin nan dai, idan an tashi, takarda ake naɗewa a sa su a jaka. Waɗanda suka zauna a bakin teburin kuwa, gobe da safe za su haɗu a aji ko a ofis, kuma dole su gaisa.